Darasi Na Goma Sha Huɗu: Ƙarshen Zango A Makarantar Kwana

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

(a) bayyana yadda rayuwa take a makarantar kwana;
(b) faɗin abubuwan da ake yi a ƙarshen zangon karatu;
(c) yin amfani da lokacin sabo da lambobin jeri a cikin jimla;
(d) kawo ma'anar karin magana uku daga cikin karatun.

KARATU

1. Garin da aka kwantar da gora

Kontagora babban gari ne a arewacin Jihar Neja. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa garin a shekarar 1864. Har yau sarautar sarkin garin ita ce Sarkin Sudan. Tarihin baka ya nuna cewa sunan garin ya samo asali ne daga kalmomi biyu, wato "kwanta" da "gora". A zamanin da, matafiyi ba ya rabuwa da goran ruwansa. Idan ya kwantar da goran, to, ya sami wurin zama ke nan.

Gari ne na mahaɗar hanyoyi. Akwai hanyar da ta nufi Yawuri da Sakkwato, da wadda ta nufi Mokwa da Jebba, da ta Tegina wadda ake bi zuwa Minna ko Kaduna, da kuma ta Rijau da Zuru. Saboda haka idan ka shiga ajin sakandare a Kontagora za ka tarar da Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Dakarkari da Kamuku da Nufawa da Gwari da Yarabawa da Ibo. Kowa da harshen gidansu, amma a ɗakin kwana da filin wasa da kasuwa, Hausa ce takan haɗa su. Da yawa daga cikinku haka kuka fara jin wannan harshe, tun kafin ku gan shi a littafi.

Ɗalibin makarantar kwana shi ma matafiyi ne. Sau uku a shekara yakan kwantar da goransa a makaranta, sau uku kuma yakan ɗauka ya nufi gida. Wannan darasi yana magana ne a kan zaman da yake yi a can, da kuma kwanakin ƙarshe kafin ya tashi.

2. Daga ina makarantar kwana ta faro?

Barin gida don neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, almajirai sukan bar garuruwansu su zauna a gaban malami shekara da shekaru. Da ilimin boko ya shigo, makarantun gaba da firamare ba su da yawa, kuma suna nesa da juna. Dole yaro ya kwana a inda yake karatu.

Mafi shahara a cikin makarantun farko ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ita ce ake kira Kwalejin Barewa a yau. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a nan suka yi karatu. Wannan yanki namu ma yana da rabo a tarihinta. Malam Bello Kagara, marubucin littafin Ganɗoki, ya koyar a Kwalejin Katsina, kuma a yau akwai gidan kwanan ɗalibai mai sunansa a Barewa. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ɗalibin kwalejin ne. Shi ne ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce.

A Jihar Neja kuwa akwai Kwalejin Gwamnati ta Bida. Daga 1957 zuwa 1962 wasu yara sun zauna tare a wannan makaranta, suna cin abinci iri ɗaya, suna amsa ƙararrawa ɗaya. Biyu daga cikinsu, Ibrahim Badamasi Babangida da Abdulsalami Abubakar, sun shugabanci Nijeriya. Wani kuma, Sani Bello, mutumin Kontagora, ya yi gwamnan soja na Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978. Ashe yaron da kake aron bokitinsa yau ba ka san abin da zai zama gobe ba.

3. Daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa

Ƙararrawa ce sarauniyar makarantar kwana. Ita ke tayar da ɗalibi, ita ke kiransa cin abinci, ita ke kwantar da shi. A yawancin makarantu akan kaɗa ta farko da misalin ƙarfe biyar na asuba. Musulmi sukan tafi masallaci, Kirista kuma su yi addu'ar safe. Daga nan sai shara da wanka. Kowane ɗalibi yana da wurin da yake sharewa, kuma idan aka ga datti a wurin, ba a tambayar kowa sai shi.

Bayan karin kumallo, wanda yakan zama koko da ƙosai ko shayi da burodi, sai a yi taron safe a wuce aji. Akan tashi da misalin ƙarfe biyu, a ci abincin rana, a ɗan huta. Da la'asar sai wasanni ko aikin gona. Da dare, bayan tuwo da miyar kuka, kowa yakan koma aji don karatun dare. Wannan shi ne lokacin da ɗalibi yake zama shi da littafinsa, ba malami a gabansa. Da misalin ƙarfe goma akan kashe fitila.

Akan raba ɗalibai gida-gida. Kowane gida yana da suna da launi, da malamin da ke kula da shi, da shugaba daga cikin manyan ɗalibai. Ranar Asabar akan zagaya duba tsabta. A duba gado da akwati da farce da tufafi, a ba kowane gida maki. Ƙazantar mutum ɗaya takan jawo wa gida duka faɗuwa, don haka kowa yakan sa ido a kan ɗan'uwansa. A nan ɗalibi yake gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zaman yana da daɗi, yana kuma da wuya. Sabon ɗalibi yakan yi kewar gida, wani har ya yi kuka a ɓoye cikin bargo. Wata rana ruwa yakan yi ƙaranci a bi dogon layi a bakin famfo. Idan zango ya yi nisa, guzuri yakan ƙare. Garin kwaki da sukari da ƙuliƙulin da aka zo da su su zama tarihi, kowa ya zuba ido ga ranar ziyara. Akwai kuma manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, su aike su ɗibar ruwa ko su ƙwace musu abinci. Wannan laifi ne a dokar kowace makaranta. Wanda aka zalunta ya kai ƙara wurin malamin gida, kada ya yi shiru. Babban ɗalibi na ƙwarai kuwa shi ne wanda ya tuna cewa shi ma ya taɓa zama ƙarami.

4. Ba a fafe gora ranar tafiya

Shekarar karatu tana da zango uku, kuma kowane yana ƙarewa a cikin yanayi dabam. Na ɗaya yakan ƙare a watan Disamba, lokacin hunturu, ana sanyi da hazo, manoma suna kai amfanin gona gida. Na biyu yakan ƙare wajen Maris ko Afrilu, cikin zafin bazara. Na uku kuwa yakan ƙare a watan Yuli, damina ta zauna. Shi ne mafi nauyi, domin a ƙarshensa ake sanin wanda zai wuce aji na gaba da wanda zai maimaita.

Idan ya rage mako uku a yi hutu, makaranta takan sauya kama. Akan keɓe mako guda don bita, sannan a kafe jadawalin jarrabawa a allon sanarwa. Filin ƙwallo yakan zama wayam. Ko'ina ka duba, ƙarƙashin mangwaro ko bayan aji, ɗalibai ne riƙe da littafi. Wasu sukan tashi da tsakar dare da tocila. Wasu kuma sai a lokacin suke yawon aron littafin rubutu don su kwafi darussan da suka wuce su.

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Fafe gora shi ne a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da ɓargon da ke ciki, a jiƙa shi kwanaki har ɗacinsa ya fita. Wanda ya bari sai ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Haka karatu yake. Tsarin ba da maki ma yana tabbatar da wannan. A makarantu da yawa akan ware maki 30 ko 40 cikin 100 don gwaje-gwaje da aikin gida na tsawon zango, sauran kuma na jarrabawar ƙarshe ne. Ke nan ɗalibin da ya yi wasa da gwajin mako na huɗu ya riga ya zubar da wani rabo na makinsa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.

Wanda bai shirya ba shi ne zuciya takan raya wa satar amsa. Ya rubuta amsa a tafin hannu, ko ya ɓoye 'yar takarda a cikin safa, ko ya leƙa takardar na kusa da shi. A makaranta hukuncin wannan yakan kai ga soke jarrabawa ko kora. A ƙasa baki ɗaya ma akwai dokar da aka kafa a 1999 wadda ta mayar da maguɗin jarrabawa laifin da kotu ke hukuntawa. Ku tuna cewa jarrabawar zango share fage ce. A gaba akwai ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, mai hedikwata a Minna, babban birnin jiharmu. Wanda ya saba da sandar aro, ranar da mai sanda ya karɓe abarsa, faɗuwa zai yi.

5. Makon da kowa ke nuna bajintarsa

Da an ajiye alƙalami, sai hutun ɗalibai ya fara, aikin malamai ya ƙaru. Malamai sukan duƙufa duba takardu da tara maki. Don kada ɗalibai su zauna haka nan, akan cika makon ƙarshe da shagulgula.

Akan yi gasar wasanni tsakanin gidaje. Da farko kowane gida ya yi fareti da tutarsa, sannan a shiga tseren mita 100 da mita 400, da gudun miƙa sanda, da dogon tsalle, da jan igiya. Da dare kuma ƙungiyoyin ɗalibai sukan yi muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo. Akwai daren al'adu, inda kowace ƙabila takan fito da shigarta da kiɗanta da rawarta. A irin wannan dare ne za ka ga Bayarabe yana wasan kwaikwayo da Hausa, Bahaushe kuma yana gwada gaisuwar Nufanci, ana ta dariya.

Amfanin wannan mako shi ne yakan fito da baiwar da takardar jarrabawa ba ta iya nunawa. Yaron da ba a jin muryarsa a aji, sai ga shi ya tsere wa kowa a fili. Yarinyar da lissafi ke ba wuya, sai ga ta ta kayar da abokan muhawara da hujja. Allah bai tara baiwa a wuri ɗaya ba.

Babban taro shi ne na ranar ba da kyaututtuka, wanda akasari akan yi a ƙarshen zango na uku. Akan gayyaci iyaye da sarakuna da jami'an ilimi da tsofaffin ɗalibai. Shugaban makaranta yakan karanta rahoton shekara, ya faɗi nasarori da matsaloli. Daga nan sai a kira waɗanda suka yi fice a kowane darasi, da ɗalibi mafi tsabta, da mafi ladabi, da gwarzon wasanni. Kyautar takan zama littafi ko ƙamus ko jaka ko takardar yabo. Ba tsadarta ce abin dubawa ba. Darajarta ita ce a kira sunan mutum a gaban mahaifansa. A wannan rana kuma shugabannin ɗalibai masu barin gado sukan miƙa ragama ga sababbi.

6. Labarin zabi biyu

Ba kowa ne ake kira a ranar kyaututtuka ba, amma kowa yakan karɓi takardar sakamako. Ga labarin abin da ya faru a wata makarantar da na taɓa koyarwa.

Akwai wani yaro a ajina, mai fara'a da son ƙwallo, ɗan wani ƙauye da ke kan hanyar Rijau. A ƙarshen zango na ɗaya ya zo na 27 cikin ɗalibai 42. Tsoron mahaifinsa ya kama shi. A cikin mota ya sa reza ya kankare lamba 2, ya bar 7. Mahaifin manomi ne, bai yi boko ba, amma ya san lambobi sarai. Ya ga ɗansa ya zo na bakwai, ya yi murna, ya sa masa albarka.

Ranar ziyara ta zango na biyu, sai ga dattijon a ƙofar ofishina, riƙe da zabi biyu, yaron yana bayansa kansa a sunkuye. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, na zo godiya ne. Yaron nan da kuka mayar na bakwai, Allah Ya saka muku da alheri."

Na dubi yaron, na ga gumi yana keto masa, ga shi kuwa ana sanyi. Na buɗe babban littafin maki na ce, "Baba, ku gafarce ni, ga abin da ke rubuce a wurinmu."

Dattijon ya daɗe yana kallon lambar. Bai daki yaron ba, bai ɗaga murya ba. Ya juya ya ce masa, "Kai, da ka kawo mini na 27, da na san inda ciwon yake, na nemi magani. Ka kawo mini na bakwai, na sayar da buhun dawa ina murna. Wa ka cuta, ni ko kanka?"

Yaron ya fashe da kuka. Na ce a mayar da zabin gida, dattijon ya ƙi. Ya ce, "Malam, ai yanzu ne ma suka halatta, tunda kun gaya mini gaskiya."

Muka zauna mu uku muka duba takardar darasi bayan darasi. Muka ga Lissafi da Turanci ne suka ja shi ƙasa, kuma yawancin makin ya zube ne a gwaje-gwajen da bai zauna ba. Na haɗa shi da wani ɗalibi mai ƙoƙari suna karatun dare tare. A zango na biyu ya zo na 18. A na uku ya zo na 11. Bai kai na bakwai ba, amma a ranar kyaututtuka shi aka kira ya karɓi kyautar ɗalibin da ya fi kowa ci gaba. Mahaifinsa yana zaune a layin baya, ya miƙe tsaye don ya gan shi da kyau.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar sakamako kamar madubi take, fasa ta ba ya gyara fuska.

7. Ranar tafiya

Daren hutu ba a cika yin barci ba. Kowa yana haɗa kaya, ana naɗe katifa da gidan sauro, ana mayar da littattafan laburare, ana biyan ƙananan basussuka, ana neman gafarar juna. Da safe akan yi taron ƙarshe, a faɗi ranar dawowa, a raba takardun sakamako. Daga nan sai tasha.

A zamanin nan, shugabannin makarantu sukan ja kunnen ɗalibai sosai a kan tsaro, kuma da dalili. Ranar 17 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara cikin dare. Sun kashe ɗalibi ɗaya, sun tafi da mutum 42, ciki har da ɗalibai 27. An sako su bayan kwana goma. Wannan abu ya girgiza iyaye, har gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a wasu yankuna na wani lokaci. Saboda haka ku kiyaye waɗannan ƙa'idoji: ku tashi da sassafe, kada dare ya same ku a hanya, ku shiga mota a cikin tasha, ba a bakin titi ba, ku yi tafiya tare da 'yan garinku, kada ku biya wani wuri ba da sanin iyayenku ba, idan kun isa, ku sanar da makaranta.

Hutu kuma ba sallama da littafi ba ne. Ku taimaki iyaye a gona ko a kasuwa, ku gai da dangi, amma ku ware sa'a guda kullum don karatu. Wanda ke koyon Hausa ya saurari labarai a rediyo, ya yi ciniki da ita a kasuwa. Harshe kamar fartanya yake, idan aka jingine shi sai ya yi tsatsa.

TATTAUNAWA

Ku karanta wannan hira biyu-biyu.

'Ya: Salamu alaikum. Inna, ina wuni?
Uwa: Amin, alaikumus salam. Maraba da 'yan makaranta! Yaya hanya?
'Ya: Lafiya lau, Inna. Mun same ku lafiya?
Uwa: Lafiya ƙalau. Kin rame. Ba a ba ku abinci ne?
'Ya: Ana ba mu, sai dai ba kamar tuwonki ba.
Uwa: To, sha ruwa tukuna. Ina takardar?
'Ya: Ga ta. Na zo ta tara. Wancan zango ta goma sha huɗu na zo.
Uwa: Madalla! Wane darasi ne ya ba ki wuya?
'Ya: Lissafi ne, Inna. Amma na fi kowa a Hausa.
Uwa: Allah Ya yi miki albarka. Idan babanki ya dawo, ki kai masa da hannunki.

MA'ANAR KALMOMI

zango: kashi ɗaya cikin uku na shekarar karatu
guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi ke riƙewa
kewa: jin rashin wani mutum ko wuri a zuciya
bita: sake duba darasin da aka riga aka yi
wayam: babu kowa, babu komai
duƙufa: mayar da hankali gaba ɗaya a kan aiki
bajinta: ƙwazon da ya wuce na saura
baiwa: iyawar da Allah Ya ba mutum
kankare: goge abu da ƙarfi da wani abu mai kaifi
ƙurarre: gajere, wanda ba shi da nisa
ja kunne: yi gargaɗi

NAHAWU

A. Lokacin sabo

Lokacin sabo yana nuna aikin da aka saba yi a kai a kai. Alamarsa ita ce "kan", wadda ake liƙa wa wakilin suna:

nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan

Misali:
Nakan tashi da asuba.
Takan share ɗaki kullum.
Akan duba tsabta ranar Asabar.

Idan suna ya zo kafin aikatau, ana iya barin wakilin suna: "Ɗalibai kan yi fareti." Wajen korewa kuwa akan sa "ba" a farko da ƙarshe: "Ba mukan fita da dare ba."

B. Lambobin jeri

Don nuna matsayi a jeri, akan sa "na" ko "ta" kafin lamba. "Na" ta namiji ce da jam'i, "ta" kuma ta mace.

Yaron ya zo na uku.
Yarinyar ta zo ta uku.
zango na biyu, amma shekara ta biyu
aji na ɗaya, amma ƙararrawa ta ɗaya

TAMBAYOYI

A. Fahimta

1. Wa ya kafa garin Kontagora, kuma a wace shekara?
2. Kawo garuruwa uku da Kwalejin Barewa ta zauna a tarihinta.
3. Mece ce dangantakar Bello Kagara da Abubakar Imam?
4. Me ya sa zango na uku ya fi sauran nauyi?
5. Me ya sa dattijon ya ƙi mayar da zabinsa gida?
6. Kawo ƙa'idoji huɗu na tafiya ranar hutu.

B. Nahawu

Mayar da waɗannan jimloli zuwa lokacin sabo, sannan ka kore su:
1. Mun ci tuwo da dare.
2. Ta ari littafi a laburare.
3. Sun yi muhawara ranar Juma'a.

Cike gurbi da "na" ko "ta":
1. Wannan ita ce shekarata ___ uku a makaranta.
2. Gidanmu ne ya zo ___ ɗaya a fareti.
3. Ƙanwata ta zo ___ biyar.

C. Lissafi da Hausa

Ga misalin takardar sakamako. Makin gwaji 40 ne, na jarrabawa 60.

Hausa: gwaji 32, jarrabawa 48
Turanci: gwaji 25, jarrabawa 39
Lissafi: gwaji 18, jarrabawa 27
Kimiyya: gwaji 28, jarrabawa 43

1. Tara makin kowane darasi, ka rubuta jimlar da kalmomin Hausa.
2. A wane darasi ɗalibin ya fi ƙoƙari?
3. Wace shawara za ka ba shi? Rubuta jimla uku.

D. Karin magana

Bayyana ma'anar waɗannan, ka kawo makamancin kowanne a harshenka:
1. Ba a fafe gora ranar tafiya.
2. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
3. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

E. Muhawara

Ku kasu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: "Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo amfani ga ɗalibi."

AIKIN GIDA

Rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga mahaifinka ko mahaifiyarka. Ka faɗi ranar da za a yi hutu, da abin da ya fi burge ka a wannan zango, da darasin da ya ba ka wuya, da kuma shirin da ka yi don gyara shi. Ka yi amfani da lokacin sabo aƙalla sau biyar.